Rasuwar Kyamarar da Ta Ci Amanata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da na kasa haɗiyewa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar kyamarata. Ta cika ranar Talata cikin buhun shinkafa, inda aka kwantar da ita ko za ta bushe.

Marigayiyar ta yi shekaru tana bin ambaliya tare da ni. Ruwa ya kai mini ƙirji, ita tana can sama da kaina a hannu biyu. Na sha faɗawa rami, na sha kwanciya zazzaɓi, ita ba abin da ya dame ta sai ƙyas, ƙyas. Ta ɗauki makarantun da suka nutse, da tsofaffi a kan rufin kwano. Hotunanta sun ga ƙasashen da ban taɓa takawa ba.

Ciwon ajalinta ya soma ranar da ruwan ya shigo gidanmu. Na tarar da Inna tsaye kan gado tana nuna bango.

"Ɗan nan, ajiye abin nan ka ciro mini hoton babanka!"

Shi kaɗai ne hoton marigayin a duniya, an kafe shi da ƙusa, ga bango ya soma tsagewa. Na yarda da kyamarar fiye da hannuna. Maimakon in ciro hoton, na saita ta a kansa, na danna, ta ce ƙyas kamar kullum. Na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, Baba yana ciki. Na goya ta, ita ta riƙe kyamarar a sama cikin ruwan sama, bangon ya zube a bayanmu.

Ruwa ya shige ta. Mai gyara ya buɗe katin ajiyar hotunanta. Gidajen mutane duk suna nan, Baba ne kawai babu. Ashe ƙyas ɗin ƙarya ta yi mini, ni da na ɗauke ta a ka shekara da shekaru.

Ta bar caja, da jaka mai warin danshi, da editan jarida wanda ta'aziyyarsa ita ce tambayar sababbin hotuna.

Za a binne ta Asabar da hantsi a kangon ɗakin Inna. Inna ta ce ba za ta zo ba. Ba a buƙatar gudummawa. Duk mai tsohon hoton taro ya duba layin baya, in ya ga dogon mutum mai tabo a goshi, ya taho da shi. Ko rabin fuska ne, Inna za ta gane shi.