Farfesa da Gawawwakin Koriya

A gaishe da Farfesa, Dodon Daraktoci, gwanin sharhin finafinai! Ba jami'ar da ta ba shi wannan suna, shi ya raɗa wa kansa, kuma ya dace da tabaransa. Kullum cewa yake zuciyarsa dutse ce, ba a haifi fim ɗin da zai sa shi ƙifta ido ba.

Gaskiyarsa kuwa, don bai taɓa kallon fim ɗin tsoro ba. Uwargidansa ke kallo a falo, shi yana kicin da auduga a kunne, wai yana nazari. In an gama ta ba shi labari, ya gyara wuyan kwat, ya kunna waya ya zazzage wa duniya ilimi.

Ana haka wani gidan rediyo ya gayyace shi gwaji. Zai yi sharhin wani fim ɗin Koriya kai tsaye, na gawawwakin da ke tashi suna cin mutane a masana'antar kifin gwangwani. In ya burge manaja, shirin mako-mako ya zama nasa. Murna ta kwashe Farfesa har ya sanar a waya: "Irin wannan kallo sai mu maza. Mata ko ƙadangare suka gani sai salati!"

Uwargida tana guga ta ji. Ta kalli fim ɗinta tsaf, ta zaunar da shi ta ba shi labari, har da murmushi.

Ranar gwaji Farfesa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya a ɗakin watsa shiri.

"Jama'a, mai ƙaramin sani zai ce fim ɗin tsoro ne. Ina! Darasi ne na zaman lafiya. Ku dubi ƙarshensa, yadda gawawwakin suka tuba, suka nemi gafara, suka haɗu da masu rai suka buɗe shagon ɗinki. Ni kaina sai da na share hawaye."

Wayoyi suka ɗau ruri. Wani mai sauraro ya ce, "Farfesa, wane ɗinki? Ai ko mai gadi ba su bari ba, tas suka cinye kowa!"

"Ɗan'uwa, kai da ido ka kalla. Ni da basira."

Manaja ya ce to, gani ya kori ji, ya sa aka kunna ƙarshen fim ɗin a allon bango. Gawa ta farko ta leƙo daga bayan injin, muƙamuƙi na reto.

"Wayyo Inna! Ku kashe! Ku kashe, ga ta nan!"

Kafin ka ce kwabo Dodon Daraktoci yana ƙarƙashin tebur rungume da ƙafar manaja, takalmi ɗaya a ƙofa, makirufo kuma a buɗe. Gari duka ya ji.

Shirin dai wani aka ba. Amma kada maƙiya su yi murna, burin Farfesa ya cika, duk mako ana jin muryarsa a rediyo. Da ihun nan nasa ake buɗe shirin finafinan tsoro.

Da an sako shi, Uwargida kan ƙara murya ta leƙa kicin: "Maigida, cire audugar, kai ne ake sakawa."