Yadda Na Tona Wa Kaina Asiri a Gaban Alƙalan Wasa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da bakina ya ci amanata ba. Bayan aurena ya mutu, na koma lise, wato babbar sakandare, a Matameye da 'ya'ya biyu, ina zama benci ɗaya da sa'annin ƙannena. Wata rana mushe, malaminmu, ya ce in tashi in karanta labari da Faransanci, sai ga sunan ɗan farina a kowane layi. Ni kuwa ban taɓa kama sunan yaron nan ba. Duk inda na iso sai in ce "wane" in wuce. Aji ya kwashe da dariya.

Shaiɗanun yaran suka mai da abin wasan barkwanci don gasar ƙarshen shekara. Na yarda, amma sai da suka rantse ba wanda zai san ni ce. Dama a unguwa ana cewa na tsufa da boko, ba na son ƙarin abin faɗe.

Ranar wasa fili ya cika, har mutanen garin Dungu sun zo. An yi dariya har da masu riƙe ciki. Ni ina can baya na ja mayafi, abina lafiya lau.

Sai shugaban alƙalai, wani mai tabarau da ya zo daga Damagaram, ya karɓi mikoro, abin magana. Wai wasan ba laifi, amma ƙaryar ta yi yawa. Wai a wannan zamani ba macen da za ta kai ajin bak, ajin ƙarshe na lise, tana irin wannan ƙauyanci, marubutan sun raina hankalin jama'a. (Ƙauyanci fa! Ni!) Ya yi ta maimaitawa, raina na tafasa.

Ban san sa'ad da na miƙe ba. "Malam, wallahi an yi! A kaina aka yi!"

Maƙwabtana suka juyo gaba ɗaya. Mutumin ya sauke tabarau, ya sa aka miƙo mini mikoro.

"To baiwar Allah, ya sunan yaron?"

Na buɗe baki, na rufe. Na sake buɗewa. Abin da ya fito ta lasifika, har bakin titi, shi ne: "Wane."

Tun ranar na koyi hankali. In masana suka ce wawiyar cikin wasa babu irinta a duniya, ka gyaɗa kai ka ce gaskiyarsu.