Shirun Sarkin Bulus na Ƙanƙara

Duk wanda ya ce kudancin Katsina bai fitar da gwani ba a wannan zamani, to bai taɓa tsayawa bakin shagon Malam Zailani mai maganin feshi ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa, kuma bai ɓoye ta ba, don ɓoye baiwa butulci ne. A allon shagonsa da ke Ƙanƙara, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, an rubuta "maganin ciyawa, maganin ƙwari, irin masara". A sama kuwa, da jan fenti, harafi kamar tafin hannu: FARFESAN KIƊAN BULUS. Mutanen gari sun ƙara masa da Sarkin Bulus. Shi da kansa ya ƙara da Yatsun Zinare, saboda ya lura jama'a sun yi jinkirin gano wannan.

Da farko an ɗan sami rashin fahimta. Da aka ji Malam Zailani ya koma harkar bulus, manoma suka yi ta zuwa da buhu da galan, a zatonsu maganin feshi ya zama kyauta. Sai da ya fito bakin shago ya yi wa jama'a bayani.

"Ku saurara, jama'a. Bulus ɗin da nake nufi ba naku ba ne na ci-ka-share-baki. Wanga kiɗa ne na Amurka, kiɗan baƙin ciki mai daraja. Ba kowane baƙin ciki ke shiga ba. Naku na taki da damina bai kai ba."

Jitar ja ce, ta hannu, ya sayo ta a Kaduna. Ranar da ya kawo ta gida, ita ta zauna kujerar gaba ta mota, an ɗaure ta da bel. Matarsa Hajaratu ta zauna baya tare da katan-katan ɗin magani.

Malaminsa wani dattijo ne baƙar fata ɗan Amurka, Mista Kalbin, mai malafa da farin gemu, wanda ke koyarwa ta waya kai tsaye. Duk mako, bayan la'asar, fuskarsa za ta cika wayar Malam Zailani, ɗalibai daga ƙasashe daban-daban suna jere a gefe cikin 'yan akwatuna, duk an toshe musu murya. Malam na kiɗa, su suna bi a gidajensu. Ke nan Mista Kalbin bai taɓa jin ko tsirkiya ɗaya ta Malam Zailani ba. Wannan bai hana Farfesa sanar da majalisa cewa shi ne ɗan gaban goshi ba, don duk sanda malamin ya kalli gaba, shi yake kallo.

Darasin na kiɗan nan-take ne, wato mutum ya ƙirƙiri abin da zai kaɗa yana cikin kaɗawa. Malam Zailani ya fi son sunan Turancin, imfurobaizeshin, don yana cika baki. Turancinsa kuwa irin na jikin kwalbar magani ne: ya san "girgiza kafin amfani", ya san "a nisanta daga yara". Duk da haka, a darasin farko ya cafke magana biyu da kyau. Ta ɗaya, gwani ba ya kaɗa abu iri ɗaya sau biyu. Ta biyu, shirun da ke tsakanin sauti shi ne rabin kiɗa.

A Faskari Allah ya buɗe masa asirin. Ranar kasuwa ce, ya kai kaya, lokacin darasi ya riske shi, sai ya zauna cikin mota ya jingina wayar da sitiyari. Mista Kalbin ya ja tsirkiya sama, ta yi kuka, ya lumshe ido, ya buɗe baki, sai ya tsaya cak. Ba sauti, ba motsi, ko gemunsa bai kaɗa ba. Can sai ya fashe da kiɗa a wani wuri daban, kamar ba shi ba.

Malam Zailani ya matso da fuskarsa kusa da wayar. Ga shirun nan da aka ce, ya gan shi da idonsa.

Mako na gaba malamin ya sake tsayawa, amma ba a inda ya tsaya wancan karon ba. To, ga magana ta ɗaya ita ma ta tabbata: ba ya maimaita kansa. Da tafiya ta yi tafiya, Farfesa ya gano wani abin da ko sauran ɗaliban bai yi zaton sun gano ba. In yana cikin garin Ƙanƙara, malamin kan yi gajeren shiru. A Mairuwa yakan ɗan tsawaita. Amma a Sabuwa, musamman ta wajen Damari, nan dattijon ke sakin ilimi gaba ɗaya, har mutum ya sayar da galan biyu ya ba da canji ya dawo, malam na nan da baki buɗe. Saboda haka Malam Zailani ya riƙa ƙirƙiro wa kansa dalilin zuwa Sabuwa ranar darasi. Hanyar da direbobi ke shiga da addu'a, shi neman ilimi ke kai shi.

Hajaratu ce ta taɓa leƙa wayar tana wucewa da tsintsiya.

"Malam, halan ba sabis ne ya ɗauke ba? Haka Suwaibatu ke min in mun yi bidiyo."

Ya ajiye jitar a hankali, yadda ake ajiye jariri.

"Hajaratu, ƙanwarki Suwaibatu ta taɓa riƙe jita? Ita in ta tsaya, sabis ne. Shi in ya tsaya, fanni ne. Mutumin da yake kiɗa tun kafin a haifi babanki, shi ne za ki ce sabis ya riƙe? A Amurka? Mi ya haɗa Amurka da rashin sabis?"

Ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta ci gaba da shara.

A nan dole a faɗi gaskiya, ko da ba daɗi: mutumin ya iya kiɗa. Yatsunsa sun yi kanta, kunnensa na da kyau, kuma in ya ja tsirkiyar nan ta yi kukanta, har masu shayi kan rage rediyo. Hajaratu da kanta ta sha tsayar da daka tana saurare. Amma wannan duk shi bai ɗauke shi a bakin komai ba. Kiɗa ai ko masu gurmi na yi. Abin da ya raba shi da su, shirun ne, kuma kansa ya zuba ƙarfinsa. Ya tsaya gaban madubi yana koyon buɗe baki daidai gwargwado. Ya koyi riƙe numfashi, ya koyi hana ido ƙiftawa, ya koyi barin hannu a sama har ya yi tsami. Ƙuda ya sha sauka kan hancinsa ya gama abin da ya kawo shi ya tashi, Farfesa bai san an yi ba.

Wajen wani suna a Mairuwa ya fara gwada fannin a bainar jama'a. Ya ɗauko kiɗa mai daɗi, mata sun fara leƙowa ta katanga, sai ya tsaya cak, ido a lumshe, baki a buɗe. Wata tsohuwa ta saki salati ta ce iska ce ta buge shi, a kawo tazargade. Kafin a kawo, wani bawan Allah ya sheƙa masa ruwan buta. Da ya dawo gida da jiƙaƙƙiyar riga, ya shaida wa Hajaratu cewa ko a Amurka haka ake yi wa manya, jama'a kan fita hayyacinsu.

Mutum ɗaya ne a Ƙanƙara ya hana wannan ɗaukaka cika: Alhaji Gide, shugaban 'yan kasuwa. Kowa ya bi, ko da wasa, yana cewa Farfesa. Alhaji Gide kuwa bai taɓa kiransa da komai ba sai "mai feshi". Ba da raini yake faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Haka kawai ya san shi. Malam Zailani yakan kwana da kalmar nan a ƙirji. Ya sha aika masa da kiɗansa ta waya, amsar ba ta wuce "Madalla, mai feshi."

Sai ga dama ta zo. Mista Kalbin ya sanar cewa ranar rufe zango za a buɗe wa kowane ɗalibi murya, ya yi kiɗa kaɗan, malam ya faɗi ra'ayinsa. Kafin labarin ya fita daga shago, ya zama za a naɗa Malam Zailani halifan bulus na Afirka baki ɗaya. Ya taka da ƙafarsa har gidan Alhaji Gide.

"Alhaji, ba don ni ba, don tarihi. Ka zo ka ji da kunnenka abin da Amurka za ta ce a kan ɗan garinku."

"To, mai feshi. In mutumin ya ce kai farfesa ne, ni wane ne in ƙi? Daga ranar na bi."

Shiri ya kankama. Ya kama wani ɗakin taro da ke gindin ƙarfen sabis, inda waya ke cika taf, don kada a sami tangarɗa. Ya aro babbar talabijin da lasifika. Ya sa aka rataya farin yadi a bayansa, ya kafa wayar a gabansa, sannan ya shimfiɗa dokoki.

"Kada kowa ya shigo hoton. Amurka ni take son gani. Ba tari, ba gyaran murya, ba jan kujera. A kashe fanka, kada yadi ya motsa. Malam Sha'ibu zai fassara, amma da raɗa, a kunnen Alhaji. Sauran ku karɓa daga na gabanku."

Malam Sha'ibu tsohon malamin Turanci ne da ya yi ritaya, mutum mai amana, wanda bai taɓa rage wa jimla komai ba.

Ɗaki ya cika, zufa na karyowa. Mista Kalbin ya bayyana, ya yi gaisuwa, ya buɗe taro da kiɗa. Ya yi ta yi har ya kai ƙarshe, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Gaban Malam Zailani ya ɗan faɗi, amma nan da nan ya gane: malam ya bar masa fagen ne, don kada ya rage masa armashi. Irin karamcin manya ke nan.

Aka kira sunansa. Ya gyara hula, ya fara. Wallahi ya fara da kyau. Tsirkiya ta yi kuka, Mista Kalbin ya gyara zama, ya soma kaɗa kai, har ya tura malafarsa baya. Alhaji Gide ya daina jan carbi. Daidai nan, inda daɗin ya kai maƙura, Yatsun Zinare ya ja tsirkiya sama, ya lumshe ido, ya buɗe baki, ya saki shirun Damari.

Bai taɓa yin wanda ya kai wannan kyau ba. Yadi bai motsa ba, jama'a ba su motsa ba, shi kuwa ko gashin ido. Mista Kalbin ya matso da fuskarsa, ya kira sunansa, ya faɗi wata magana.

Malam Sha'ibu ya sunkuya kunnen Alhaji. "Ya ce Malam Zailani ya zama ƙanƙara."

Raɗa ta bi layi-layi har bakin ƙofa, kawuna na gyaɗawa. Ta iso kunnen Farfesa shi ma, zuciyarsa ta yi fari fat. Ba ɗan Ƙanƙara ba, Ƙanƙara ɗungurungum! Ya ƙara ƙanƙame numfashinsa.

Mista Kalbin ya ɗaga hannu yana kaɗawa. Ya ƙwanƙwasa gilashin na'urarsa. Ya juya ya tambayi wani a gefensa. Sannan ya yi ajiyar zuciya, ya yi magana mai ɗan tsawo, da tausayi a fuskarsa. Wannan karon Malam Sha'ibu ya manta da dokar raɗa.

"Ya ce kaico. Ya ce ɗan abin da ya ji kafin layi ya yanke, shi ne mafi daɗi da ya ji a ajin nan, ya so a ce ya ji ƙarshensa. Ya ce shi ma an sha gaya masa hotonsa na maƙalewa haka a wayoyin mutane, abin haushi ne, ba laifin kowa ba. Ya ce in Allah ya kai mu wani zangon, ka nemi wuri mai sabis."

Hoto ya juya. Wata mata mai tabarau daga wata ƙasa ta cika talabijin, ta gyara jitarta, ta fara nata.

Alhaji Gide ya ciro wayarsa ya duba. Sabis a cike. Ya mayar da ita aljihu, ya miƙe, ya gyara babbar riga.

"Sannu da ƙoƙari, mai feshi. Gobe a aiko min da na ciyawa galan ɗaya."

Jama'a suka bi bayansa, a hankali, ba tari, ba jan kujera, kamar yadda aka umarce su. Wani ya kunna fanka yana fita. Hajaratu ta tsaya bakin ƙofa da mayafinta, tana jira.

Malam Zailani na nan yadda yake, hannu a sama, baki a buɗe, ido a rufe. Kafaɗarsa ta yi tsami, kuma ya ji kowace kalma. Amma bai motsa ba. Ya lissafa cewa muddin bai motsa ba, laifin na sabis ne.