Ranar da Na Tashi Sama a Jiratawa

Sati guda ina musu da 'yan majalisarmu ta Zariya cewa jarumin nan mai tashi sama na shirin fim ɗin da muke bi bai mutu ba. Sabon kashi ya fito ina Jiratawa sayen albasa. Ina tafe bakin kanal ɗin ban-ruwa ina kallo a waya, jarumi ya buɗe ido. Na daka tsalle, ni da furfurata, sai tsundum cikin ruwa. Waya kam tana sama a hannuna, ba ta jiƙe ba.

Manoma suka tsamo ni ina ihu, "Yana da rai!"

Wani dattijo ya ce, "Alhamdu lillahi. Ɗan'uwanka ne, Alhaji?"

Musu dai ni na ci. Amma ɗan kabu-kabun da ya kai ni wurin a babur ya baza labari sai da ya iso Zariya, har yau in na doso majalisa sai su ce, "Ku matsa, zai sauka!"