Madubin Babur Ɗin Oga Linus

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na gyara madubin babur a bakin ƙofar masaƙa ba. Gyara nake cewa don in sassauta wa kaina.

A shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, lokacin ina aiki a wata masaƙa a Kakuri. Ni a ɗakin saƙa nake, inda ƙarar inji ke bin mutum har gida. Burina ɗaya: a mayar da ni sashen masu gyaran inji. Su ne masu shuɗin kaya da akwatin ƙarafa, kuma ba sa wuni suna shaƙar auduga. Sai aka ji gurbi ya samu a can, kuma wanda zai zaɓi mutum shi ne shugabansu, Oga Linus, wani Inyamuri mai ƙarancin magana da ya yi shekaru a Kaduna har Hausarsa ta fi ta wasunmu.

Tun da na ji labarin na fara tallar kaina. Duk inda aka zauna sai in ce ai ni a garejin kawuna na tashi a Tudun Wada. (Gaskiya ne na tashi a garejin. Abin da ban faɗa ba shi ne, zuwa nake in ci tuwo in kwanta a cikin tsohuwar mota.) Abokina Ɗanladi, wanda muke haya ɗaki ɗaya a Makera, ya sha ce min in rage, domin shi ya san ko fitilar ɗakinmu ta lalace maƙwabci muke kira.

Ranar mun tashi aiki, jama'a ta cika bakin ƙofa, masu shiga da masu fita, ga masu ƙosai da masu rake. Oga Linus ya tayar da babur ɗinsa, jan babur ɗan Japan da yake gogewa kamar ɗansa. Madubin dama ya kama rawa, yana kaɗawa yana sunkuyawa ƙasa. Ya ɗaga shi, ya sake sunkuyawa. Na ce a raina, yau Allah ya kawo min jarrabawa mai sauƙi.

Na matsa na gaishe shi, na ce ya bar min wannan ɗan aikin, bai kai ya ɓata hannunsa ba. Ya dube ni, ya kashe babur, ya ciro sifana daga aljihu ya miƙo min, sannan ya koma gefe ya harɗe hannu.

Na tsuguna da gwiwa ɗaya don a ga ƙwarewa. Na fara da jawabi, na bayyana wa waɗanda suka taru cewa yawancin mutane ba su san madubi ba, noti ne kawai ya saki, kuma rashin ƙarfin hannu ke sa ya dawo. Na kafa sifana na murɗa dama, yadda kowa ya san ana ɗaure noti. Maimakon ya kama, sai na ji ya ƙara laushi. Na ci gaba. Madubin ya juyo yana kallona, na ga fuskata a ciki tana zufa, na mayar da shi gefe.

"Malam, ka tabbata?" in ji Oga Linus.

Na ce, "Oga, a cikin wannan aikin aka haife ni."

Na yi ta murɗawa har notin ya hau sama ya cije. Da na ji tauri sai raina ya yi fari, na ƙara masa ƙarfi da hannu biyu. Ashe notin ya kai ƙarshen hanyarsa ne, kuma kowane murɗi da na ƙara, sandar madubin nake zarewa daga mazauninta. Na daidaita gilashin, na goge shi da hannun rigata, na miƙa sifana. Oga Linus ya tambaye ni ko ba zan girgiza shi in gani ba. Na ce aikina ba ya bukatar gwaji.

Ya hau, ya tayar. Bai ko kai kwalta ba madubin ya yi juyi ɗaya a hankali, kamar mai yi wa jama'a sallama, ya faɗi. Wani mai keke da ke tafe ya bi ta kansa.

Da an yi min ihu da ya fi min. Shiru aka yi, har ina jin mai yana ƙara a kaskon ƙosai. Sai Ɗanladi ya tsinto sandar, ya kawo min da hannu biyu da ladabi, ya ce, "Injiniya, ga kayanka." A nan aka fashe da dariya. (Sunan ya bi ni har aka rufe masaƙar.)

Oga Linus bai yi faɗa ba. Ya karɓi sandar ya nuna min cewa a irin wannan babur, madubin dama ta hagu ake ɗaure shi, da gangan aka yi shi haka don in ya bugi wani abu ya warware maimakon ya karye. Ya ce tun murɗin farko ya gani, ya bar ni ne ya ga yaushe zan tsaya in yi tambaya. Na ce zan sayo masa sabo, kuma na sayo. Washegari na same shi a kan maganar gurbi, kaina a ƙasa.

"Madubi ana sayarwa a kasuwa," ya ce. "Injin da ke cikin masaƙa, in ka murɗa ba daidai ba, hannun mutum yake cirewa. Ina za ka sayo min wannan?"

Wani aka ba gurbin. Ni na koma ɗakin saƙa na ci gaba da shaƙar audugata, kuma yau da na tsufa ina ganin an yi wa hannuwan mutane adalci. Abin da na koya kaɗan ne, amma ya zauna: in ka ga gwanin sana'a ya harɗe hannu yana kallonka shiru, ba burge shi kake yi ba.