Janar Kanta da Ƙafafun da Ba Su Yi Karatu Ba

Duk faɗin lardinmu babu garin da ya yi dace irin namu, domin mu ne muke da Kuwabara. Wasu garuruwan suna taƙama da tsohuwar ganuwa, wasu da takobin kakanni. Mu kuwa muna da mutumin da ya karance yaƙin samurai, mayaƙanmu na dā, kaf, tun daga ɗaurin sulke har abin da doki ke ci ranar gumurzu. Aikin da ya yi har ya yi ritaya buga hatimi ne a ofishin ruwa, amma wannan ba laifinsa ba ne, a makare aka haife shi. Da ya zo duniya da wuri, da tarihin Japan ya sake fasali. Shi da bakinsa ya tabbatar mana.

Ba ya amsa "Kuwabara-san", irin kiran girmamawar da ake yi wa kowa. Sai ka ce "Sensei", wato babban malami, yake juyowa. A bayan idonsa kuwa Janar Kanta muke ce masa, saboda rundunarsa duka a kan kantar littattafai take jere, kuma ba a taɓa cin ta da yaƙi ba.

Baiwarsa ita ce ba da shawarar karatu, kuma kyauta yake bayarwa, ko ka nema ko ba ka nema ba. Gaishe shi a tashar jirgin ƙasa, kafin jirgi ya iso ya ɗora maka littafin da za ka fara da shi, da wanda zai gyara kuskuren na farkon, da wanda ba za ka gane ba sai ka kai matsayinsa. Mai kifi ya yi kukan rashin ciniki, ya ce masa ya karanta dabarun kwanton ɓauna. Ranar auren 'yar maƙwabcinsa ya kai wa amarya da ango wani ƙaton littafi a kan yadda ake yi wa gari ƙawanya har yunwa ta sa ya miƙa wuya. Aro kam ba ya bayarwa. Makamansa ne, in ji shi.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya. Duk kaka muna bikin mayaƙa, a sa sulke a zaga gari, a yi yaƙin wasa a bakin kogi. Mutum ɗaya ne ke hawa doki a matsayin sarkin yaƙi, da maficin ƙarfe a hannu yana ba da umarni. Nonaka wanzami ya daɗe yana hawa, don kawai doki ba ya ba shi tsoro. Kuwabara kuwa maficin nan har mafarkinsa yake yi. Gaskiya nakan tausaya masa idan na ga yadda yake bin sa da ido duk shekara.

Sai ya yi wa kwamitin biki ƙawanya. Ya tare su a kasuwa, ya tare su a gidan wanka suna tsirara babu hanyar gudu, yana jero musu abin da ya kamata su karanta. Daga ƙarshe gari ya miƙa wuya.

Ranar miƙa mafici muka taru a zauren wurin bauta, muka yi zaman girmamawa a kan tabarma, gwiwoyi a ƙasa, mazaunai a kan dunduniya. Shugabar kwamiti, tsohuwa Shiraishi, ta ajiye maficin a gabanta, ta faɗi abin da kowane mai masauki ke faɗa.

"Don Allah kowa ya saki ƙafafunsa, ku sake."

Muka ɗan yi kawaici yadda aka saba, sannan maza suka tanƙwashe, mata suka karkata gefe. Kuwabara bai motsa ba.

"Ku dai ku saki," ya ce yana duban rufi. "Mutanen da nake karantawa sukan zauna haka a gaban ubangidansu daga hantsi har faɗuwar rana, ko yatsa ba sa motsawa. Abin da ya kashe ƙasar nan kujera ce!"

Matarsa Fusae tana raba shayi. Da ta zo kansa ta sunkuya, ta yi raɗar da duk zauren ya ji.

"Baban yara, miƙe ƙafar nan. Kai da duk karatunka a kujerar tausa ka yi shi, tana jijjiga ka."

Ya yi kamar sauro ne ya wuce.

Abin da ake buƙata kaɗan ne: ya ce ya gode, ya tashi, ya taka zuwa gaban Shiraishi, ya karɓi mafici da hannu biyu. Amma yaushe Janar zai ga jama'a zaune ya bar su su koma gida da jahilcinsu?

"Kafin in karɓi wannan nauyi, dole kowane sojana ya san abin da zai karanta. Masu mashi daban, masu baka daban. Nonaka-kun, kai za ka fara da na yara, mai hotuna."

Ya bi zamani bayan zamani. Shayi ya huce. Rana ta bar wannan bango ta koma wancan. Nonaka ya yi barci, ya farka, ya tarar ba a ƙirƙiro bindiga ba tukuna. Can muka ga gumi na tsattsafo wa Sensei, kuma maimakon ya taƙaita sai ya ƙara littattafai. A nan muka gane abin da ke faruwa. Ƙafafun sun mutu murus, jawabin kuma shi kaɗai ne ganuwar da ta rage masa.

"Sensei," in ji Shiraishi da tattausar murya, "shafa yawu a goshi, yana sakin ƙafa."

"Ƙafa? Wace ƙafa? Lafiyata lau!"

"To bismillah. Ga mafici."

Ya dafa tabarma ya miƙe da ƙarfin zuciya. Sama ta tashi, ƙasa ba ta samu labari ba. Ya yi taku ɗaya a kan bayan ƙafa, ya juya kamar buhun shinkafar da aka jingina ba daidai ba, ya kai hannu zai kama iska, ya bi da kai ta cikin ƙofar zauren, wadda da takarda aka yi ta. Muka ji shi ya sauka a lambu. Abin da ya rage a zauren ƙafafu ne biyu cikin farar safa, suna leƙe ta ramin.

Mu mutane ne masu kunya, babu wanda ya yi dariya. Kafaɗu ne dai suka yi ta rawa.

Shiraishi ta daɗe tana duban ramin, sannan ta tura maficin gaban Nonaka.

"Doki ya fi tabarma tsawo," ta ce. "Amma irin wannan baiwa ba za a bari ta lalace ba. Mun daɗe ba mu da sarkin yaƙin abokan gaba. Duk wanda muka sa, faɗuwarsa ba ta gamsar da mutane."

Haka aka yi. Ranar biki aka sa masa baƙin sulke, aka zaunar da shi a kan dunduniyarsa a bakin kogi tun da safe. Da Nonaka ya iso a kan doki ya ɗaga mafici, Janar ya zabura zai tare shi, sauran kuma ƙafafun suka ƙarasa da kansu. Jama'a suka ɓarke da tafi. Wata tsohuwa har da hawaye, ta ce ba ta taɓa ganin an mutu da kyau haka ba.

Da yamma, karo na farko a tarihin garinmu, mutane suka je wurinsa da ƙafarsu neman shawara.

"Sensei, don Allah a wane littafi ake koyon irin wannan faɗuwa?"

Ya gyara zama a kan kujerar da Fusae ta kawo masa, ya yi gyaran murya, ya gaya musu wanda za su fara da shi.