Ranar da Kwamfuta Ta Cire Ni Daga Zuri'armu

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren 'yar ƙanena a Kademi ba, ko da kuwa tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina.

Na ƙare rayuwar aikina a jami'a ina koya wa kwamfuta tunani. Fannina shi ne manɗiƙi, wato a jera wa na'ura abin da aka sani tare da ƙa'idoji, ita kuma ta fitar da hukunci da kanta. Na yi suna daidai gwargwado (a wajen waɗanda suka fahimci aikin, kuma ba su da yawa). A gida kuwa, musamman a bakin taubashina Malam Hadi, ɗan goggona, sunana "Baƙon Kademi". Kullum cewa yake boko ya mai da ni bare, ko sunayen jikokin gidanmu ban sani ba.

Da na yi ritaya sai na ƙudura rufe masa baki. Na tsara manhajar da za ta riƙe zuri'ar kakanmu kaf, a ba ta suna ta faɗi dangantakar mai shi da kowa. Na kafa mata ƙa'idoji biyu. Ta farko, ba a karɓar bayanin haihuwa sai daga bakin uwa, domin ita ce shaidar da ba a ja da ita. Ta biyu, duk abin da ba a faɗa mata ba, ta ɗauka babu shi. Na ɗora wa ƙanwata Hajiya Rabi aikin bin iyaye mata ɗaki-ɗaki tana shigar da amsoshinsu, na kuma gargaɗe ta da kakkausar murya: "Abin da suka faɗa kawai. Kada ki ƙara ko wasali."

Ta dube ni ta ce, "Ko wasali, Yaya?" Na ce ko wasali. (Da na lura da murmushinta, da na tsira.)

Ranar walima aka share babban aji na Islamiyyar gidanmu, aka ta da janareta, majigi ya haska bango. Maza a gaba, mata a baya, har da mahaifiyarmu Inna, wadda aka riƙo hannunta aka zaunar a kan darduma. Na tashi cikin babbar riga, na yi jawabin da ya fi huɗuba tsawo, na tabbatar wa jama'a cewa wannan na'ura ba ta mantuwa, ba ta son kai.

Aka gwada sunan amarya, na'urar ta jero iyaye da kakanni. Aka yi kabbara. Malam Hadi ya ce a saka nasa, ta fito da shi daram, jikan kakanmu ta wajen 'yarsa. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "To, Baƙon Kademi, saura kai."

Na rubuta sunana da yatsa ɗaya, ina kallon jama'a. Sai na ji ajin ya yi tsit. Na waiwaya. A jikin bango, da haruffan da ko mai hakiya zai karanta, an rubuta: BA YA CIKIN WANNAN ZURI'A.

Na goge na sake, har da Farfesa a gaba. Amsar ba ta canja ba.

Malam Hadi ya miƙe yana tafa hannu. "Jama'a ku shaida! Shi da bakinsa ya ce ba ta son kai. Bawan Allah, daga wane gari? A ba baƙo ruwa mana!"

Na juya ga Rabi. Ta ce, "Yaya, na tambayi Inna 'ya'yanta, ta fara daga Yaya Sani, mai bi maka. Kai ka ce ko wasali."

Nan take abin ya faɗo mini. Ni ɗan fari ne. Tun da nake, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta lissafa ni a gaban mutane, saboda kunyar ɗan fari irin ta iyayenmu. Na san haka tun ina rarrafe, amma ban taɓa tunanin gaya wa na'ura ba. Da aka bincika, duk 'yan farin tsofaffin ɗakuna sun ɓace, har da limamin da ya ɗaura auren.

Malam Hadi bai ƙyale ni ba. Ya ɗaga murya: "Inna, don Allah raba gardama, wannan mai babbar rigar naki ne?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Kai Hadi, ka fita idona. Ni ina na san shi?"

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Gaya.

Da la'asar ina zaune a zaure na rasa inda zan sa fuskata, sai ga Rabi da kwanon fura, damun da ya sha nono fiye da na kowa. Ta ce, "Inna ta ce a kai wa wancan mai na'urar, tun safe bai ci komai ba." Duk cikar ajin nan, Inna kaɗai ta lura.

Na daɗe ina koya wa ɗalibai cewa abin da ba a faɗa ba, babu shi. Yanzu na ƙara wa manhajar ƙa'ida ta uku: wanda tsohuwa ta tsallake, a fara da shi. Malam Hadi kuwa har gobe in na je Kademi sai ya tambaye ni ko na samu masauki.